Wuƙa ta likita ce, dare na ma'aikacin jinya ne

Idan aka fito da mutum daga ɗakin fiɗa da ransa, sai dangi su yi ajiyar zuciya. Nan da nan a buga waya Maraɗi, a buga Damagaram, a sanar da na Tawa da na Yamai cewa an yi aiki lafiya. Wanda ya biya kuɗin magani ya koma rumfarsa ta kasuwa, wanda ya nemi izini a wurin aiki ya koma biro, a bar tsohuwa ɗaya ko ƙane ɗaya da tabarma da buta a gefen gado. A ganin jama'a an riga an ƙetare gulbi. Masu aikin asibiti kuwa sun san cewa a lokacin ne aka kai tsakiyar ruwa.

Akwai lissafin da ya tabbatar da haka. A shekarar 2016, likitoci a ƙasashen Afirka 25, har da Nijar da Najeriya, suka bi sawun manyan mutane fiye da dubu 11 da aka yi wa fiɗa a asibitoci 247. Farfesa Bruce Biccard na jami'ar Cape Town ne ya jagoranci aikin, mujallar The Lancet kuma ta buga sakamakonsa a 2018. Marasa lafiyar nan sun fi takwarorinsu na sauran duniya ƙuruciya da ƙarfin jiki. Duk da haka, wanda aka yi wa fiɗar da aka tsara tun da wuri, haɗarin mutuwarsa ya ninka na sauran duniya. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne lokacin mutuwar: cikin mamata 100, 94 ba a ranar fiɗa suka cika ba, sai a kwanakin da suka biyo baya, bayan an ɗinke su an mayar da su gado.

A waɗannan kwanaki, likitan fiɗa kan zagayo da safe, ya duba miki, ya yi rubutu, ya wuce, domin wasu na jiran wuƙarsa. Mai zama da marar lafiya dare da rana shi ne ma'aikacin jinya, wanda ake kira anfirmiye, ko ya fito daga makarantar ENSP ta Yamai, ko ta Damagaram, ko daga makarantu masu zaman kansu. Jama'a na ɗaukarsa hannun likita ne kawai: mai yin allura, mai ɗaura ƙarin ruwa, mai wankin miki. Amma mafi nauyin aikinsa ba a ganinsa da ido. Shi ne yanke hukunci: wa za a fara dubawa, wace alama ce ta banza, wace ce ta haɗari, yaushe za a jira, yaushe za a tayar da likita daga barci.

Agogo, ido da yatsu

Akwai wata anfirmiye da ta shafe fiye da shekara 20 a sashen fiɗa na wani babban asibiti a kudancin ƙasar nan. Ba ita ce shugabar sashe ba, amma kowa majo yake ce mata, saboda daɗewa da kuma furfurar da ta fara leƙowa a bakin kallabinta. Idan ta karɓi aikin dare, takan bi gado-gado kafin ta zauna kan takardu. Ta riƙe wuyan hannun mutum, ta ƙirga bugun zuciyarsa, sannan ba tare da ta saki hannun ba ta ƙirga numfashinsa minti guda cur, domin wanda ya san ana ƙirga numfashinsa yakan canza shi. Ta ja fatar ido ta duba ko ta yi fari. Ta durƙusa ta dubi jakar fitsarin da ke rataye a ƙasan gado.

Ma'aunan da take nema ba su da yawa. Babban mutum mai lafiya, zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, yana numfashi sau 12 zuwa 20, zafin jikinsa na kusa da digiri 37. Ƙodarsa kuwa ya kamata ta fitar da aƙalla rabin mililita na fitsari a awa ga kowane kilo na nauyinsa, wato kamar cikin babban cokali 2 ga mutum mai kilo 60. Sabuwar ɗaliba ma ta san waɗannan alƙaluma da ka. Abin da shekaru suka ƙara wa majo shi ne sanin cewa awo ɗaya ba ya magana shi kaɗai. Ɗan kasuwar hatsi ya san wannan sarai. Kuɗin tiyar gero na kasuwa ɗaya ba ya nuna komai. Amma idan kasuwa uku a jere ta yi ta hawa, mai hankali ya san akwai abin da ke tafe. Haka bugun zuciya yake.

Kira uku a lokaci guda

Wani dare, wajen ƙarfe 2, ita da ɗaliba ɗaya mai koyon aiki ke riƙe da gado kusan 30. Sai kira uku suka same ta kusan tare.

Na farko wani babban ma'aikacin gwamnati ne, wanda aka yi wa yayansa aikin karayar ƙafa. Ya tsaya a ƙofa, muryarsa ta cika ɗakin: "Madam, tun ɗazu yayana ke nishi. Kin san ko ni wane ne?" Na biyu wata yarinya ce da ke jinyar uwarta, mai ciwon sukari da miki a ƙafa. Ta zo a tsorace: "Majo, Inna na ta surutai, ba ta gane ni ba, kamar iska ta taɓa ta." Na uku bai ma kai kira ba. Wani magidanci ne ya matso cikin ladabi yana tambaya game da ƙanensa, ɗan kabu-kabu da mota ta buge, aka cire masa saifa da la'asar: "Majo, ƙishirwa yake ji ƙwarai. In ba shi ruwa?"

Ta dubi babban ma'aikacin ta ce: "Ranka ya daɗe, na ji. Ciwon yaya gaskiya ne, kuma zan zo masa. A yi mini haƙuri kaɗan." Ta ce wa magidancin: "Malam, kada ka ba shi, jiƙa masa leɓe kawai." Ta tura ɗalibar ta sake ƙirga bugun zuciyar saurayin da numfashinsa, ita kuwa ta nufi gadon tsohuwar.

Dalilin wannan jeri a fili yake ga wanda ya san aikin. Mai iya nishi da ƙarfi yana da numfashi, kuma jini na kai wa ƙwaƙwalwarsa. Wanda hankalinsa ya juya farat ɗaya shi ne ba ya jira. Tsohuwar ta jiƙe da gumi mai sanyi. An yi mata allurar insulin da yamma, ƴarta kuma ta ce ba ta taɓa tuwo ba. Aka huda yatsa, na'ura ta nuna 0.4, alhali ƙasa da giram 0.7 a lita ma ya riga ya zama faɗuwar sukari. Majo ta ba ta ruwan sukari ta jijiya, kamar yadda ƙa'idar sashen ta yarje mata. Kafin a jima tsohuwar ta kira ƴarta da suna.

Saurayin kuwa shiru yake, sai juye-juye. Ɗalibar ta ce tansiyonsa lafiya lau, 11/9, kuma tiyon da aka bari a cikinsa don fitar da ruwa bai kawo jinin kirki ba. Majo ta ɗauki takardar awo ta karanta ta daga sama. Bugun zuciya 88 da ƙarfe 8, 104 da ƙarfe 11, yanzu 124. Tansiyo 12/7, sannan 12/8, yanzu 11/9: lambar sama da ta ƙasa na matsowa kusa da juna. Numfashi ya tashi daga 18 zuwa 26. Fitsarin awa 3 bai cika babban cokali 3 ba. Ta taɓa tafin hannunsa, sanyi ƙalau. Ta ja fatar idonsa, fari fat.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Ta shiga jera dalilai tana zubar da su ɗaya bayan ɗaya. Zazzaɓi na sa zuciya gudu, amma jikinsa ba zafi. Raɗaɗin miki na sa ta gudu, tsoro ma haka, amma ba sa mayar da ido fari, ba sa ƙara tsananta awa bayan awa tare da ƙafewar fitsari da ƙishirwa. Tiyo kuwa gudan jini na iya toshe shi, ya nuna babu komai alhali ciki na cika. Abu ɗaya ne ya haɗa dukan alamun: jini na zuba a ciki. Jikin babban mutum na ɗauke da jini kamar lita 5, kuma saurayi mai ƙarfi na iya rasa abin da ya kusa lita ɗaya da rabi kafin tansiyonsa ya faɗi a fili, domin jijiyoyi na tsukewa, zuciya na ƙara sauri don rufe giɓi. Wanda ya tsaya jiran faɗuwar tansiyo, ya jira har dabarar jiki ta ƙare.

Ta ɗaura masa layi na biyu na ƙarin ruwa da babbar allura, ta ɗebi jini aka kai ɗakin awo, ta ce wa yayansa ya tayar da duk ɗan'uwan da zai iya ba da jini. Sannan ta ɗauki waya.

"Dakta, a gafarce ni da tashin dare. Gado na 14 ne, wanda ka cire wa saifa da la'asar. Bugun zuciya ya tashi daga 88 zuwa 124 cikin awa 6, fitsari ya kusa ƙafewa, ido ya yi fari. A ganina jini yake zubarwa a ciki. Na ƙara masa layi, na aika neman jini. Ina roƙon ka zo yanzu."

"Tansiyo fa?"

"11/9."

"Ai bai faɗi ba, majo."

"Bai faɗi ba tukuna, Dakta. Shi ya sa na kira yanzu."

Likitan ya zo. Kafin kiran asuba aka mayar da saurayin ɗakin fiɗa, aka tarar ɗaurin wata jijiya ya saki, aka sake ɗaure ta. Ya tashi, ya koma gida da ƙafarsa, danginsa suka kai wa likita goron godiya. Mai karayar ƙafa kuwa ya samu allurarsa bayan minti 40, kuma da safe ƙanensa ya kai ƙara wurin shugaban sashe. Majo ba ta musanta jinkirin ba. Ta ce da ma'aikata biyu ne a daren, da ba a bar bawan Allah yana nishi ba.

Hasara biyu, nauyi ba ɗaya ba

Kada mai karatu ya ɗauka kullum haka take ƙarewa. An yi dararen da majo ta tayar da likita ya zo bai tarar da komai ba, ya koma yana tsaki. Mai yanke hukunci a bakin gado ba ya aiki da tabbas, yana auna hasara biyu ne. Idan ya kira a banza, an yi asarar barcin mutum ɗaya. Idan ya yi shiru a banza, an yi asarar rai. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zaɓa tsakanin biyan kuɗin mai gadi da barin shago a sake ya san yadda ake wannan awo.

Abin da ke karya lissafin shi ne tsoro. Ma'aikacin gwamnati ya san tsanin aiki: ƙarami ba ya tsallake babba, takarda na jiran sa hannu har Litinin. A biro wannan ladabi ne. A ɗakin jinya, idan likita ya tsawata wa sabuwar anfirmiye don ta tashe shi, darasin da ta koya shi ne ta jira gari ya waye, kuma wani marar lafiya ne zai biya kuɗin darasin.

Don maganin wannan tsoro ne aka ƙirƙiro wasu ƙa'idoji. A Ingila, majalisar likitoci ta Royal College of Physicians ta fitar da tsarin NEWS a 2012. Ana ba da maki ga abubuwa 6: numfashi, yawan iskar oksijin a jini, tansiyo, bugun zuciya, zafin jiki da yanayin hankali. Idan jimla ta kai 5, dole a kira likita da gaggawa. Idan ta kai 7, a tara ƙwararru nan take. Ƙaramin ma'aikaci ba ya bukatar ƙarfin hali ya kira babba, takarda ce ta kira shi. A Faransa kuma, hukumar kula da ingancin kiwon lafiya, HAS, ta yaɗa tsarin SAED a 2014, wanda aka aro daga asibitocin Amurka. Yana koya wa mai kira ya faɗi abu 4 a jere: me ke faruwa, wane ne marar lafiyar kuma me aka yi masa, me kake zato, me kake so a yi. Mai karatu zai lura cewa haka majo ta jera maganarta a waya. Tun a 1859 Florence Nightingale ta ware babi guda a littafinta Notes on Nursing kan lura da marar lafiya. Waɗannan ƙa'idoji sun zo ne su ba lurar baki.

Gani kaɗai bai isa ba

Masu binciken nan na Afirka sun koma fage da gwaji na biyu, wanda aka buga sakamakonsa a 2021. A wasu asibitoci aka ce a kwantar da masu haɗari inda idon ma'aikatan jinya ke kai, a yawaita awo, a bar dangi su zauna kusa, a maƙala takardar alamun haɗari a gefen gado. Da aka ƙirga, mace-mace ba su ragu ba. Darasin mai ɗaci ne, amma ya kamata a riƙe shi: ganin alama ba ya ceton kowa idan babu jini a firiji, babu mai sa barci a ɗakin fiɗa, babu hannun da zai saki wani aiki ya ruga. Ko a Amurka, binciken Linda Aiken na 2002 a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ya nuna cewa duk marar lafiya ɗaya da aka ƙara wa ma'aikacin jinya, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa fiɗa na ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma ba duka ma'aikatan jinya ne irin majo ba. Ɓoye wannan zai zama cin amanar mai karatu. A 2003, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da littafin Une médecine inhospitalière, kan dangantakar ma'aikatan lafiya da marasa lafiya a manyan birane 5 na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Cikin abin da suka nuna akwai wulaƙanta wanda bai san kowa ba, da fifita mai sanayya ko mai kuɗi. Wannan ita ce babbar cutar hukunci. Ranar da aka jera marasa lafiya bisa girman rigar danginsu, ɗan kabu-kabu mai shiru a gado na 14 shi ne na ƙarshe. Sai dai alfarma ciniki ce ta mutum biyu. Akwai mai bayarwa, akwai mai nema, kuma mai neman sau da yawa alhajin kasuwa ne ko shugaban ma'aikata, mutumin kirki da ke ganin taimakon ɗan'uwansa kawai yake yi. Minti 15 da aka ƙwato da suna ko da kuɗin goro, daga gadon wani aka ciro su.

Rabon dangi a cikin hukunci

Ma'aikacin jinya na yanke hukunci ne da abin da ya gani da abin da aka gaya masa, saboda haka mai zaman jinya abokin aikinsa ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A faɗi duk abin da marar lafiya ke sha: jiƙo ne, tsimi ne, tramol ne, ko ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan tebur. Asfirin na hana jini daskarewa da wuri. Diklofenak na iya cutar da ƙodar da ruwa ya riga ya yi wa ƙaranci. Wanda ya ɓoye su don kunya ya rufe wa mai duba shi ido ɗaya.

Kada a ba wanda aka yi wa aikin ciki ruwa ko kunu sai an ba da izini, komai roƙonsa, domin idan aka koma da shi ɗakin fiɗa, abin da ke cikinsa na iya komawa huhu. Kada a taɓa maɓallin ƙarin ruwa don a ga ya ƙare da wuri. Kada a zubar da jakar fitsari don tsabta ba tare da an nuna ta ba, domin shaida ce ake zubarwa. A tanadi masu ba da jini tun ranar aiki, ba sai ƙarfe 3 na dare ba. Idan aka ga hankali ya juya, ko numfashi ya yi sauri, ko gumi mai sanyi, ko barcin da ba a iya tayar da mutum daga cikinsa, a je a faɗa nan take da kalmomi bayyanannu. "Jikinsa ya canza tun ƙarfe 12, numfashinsa na sauri" ta fi amfani ga majo da ambaton sunan minista.

Masu riƙe da alƙalami a ma'aikatun kuɗi da na lafiya su ma suna da nasu rabo. Sabon gini da babbar na'ura su ne ake yanka wa ƙyalle a gaban kyamara, amma abin da dare ke bukata ƙanana ne: ma'aikaci na biyu a ɗaki mai gado 30, na'urar tansiyo mai aiki, tsinken awon sukari da bai ƙare ba, firijin jini da wuta ba ta yanke masa, da doka a rubuce cewa ba a tsawata wa wanda ya kira likita da kyakkyawar niyya. Ƴan kasuwa masu kai sadaka asibiti a watan azumi na iya tambayar majo abin da sashenta ya rasa kafin su sayi buhun shinkafa. Amsarta na iya ba su mamaki da arharta.

Babu wanda ya san ranar da za a tura shi a keken asibiti, ya farka a gado na nesa da ƙofa, ba shi da ƙarfin kiran kowa. A ranar, muƙami na gida, dukiya na kasuwa. Abin da ya rage masa shi ne mutum ɗaya mai agogo a hannu, wanda aka koya wa karanta jiki, aka ba shi kayan aiki, aka kuma bar shi ya bi hukuncinsa ba tare da tsoron kowa ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu jinyarsu basira da haƙuri.